Daga Aji Huɗu Zuwa Aji Biyu

Sun mayar da jikata aji biyu, alhali a ƙauye aji huɗu take. Har yau abin yana ci mini rai.

Uwarta ce ta kawo mini ita Minna daga wajen Gwada, wai makarantar birni ta fi. Aka yi mata gwaji da Turanci, ta zauna tana kallon takardar har aka karɓe. A ƙauye malaminsu ɗan gida ne, da yarenmu na Gbagyi yake musu bayani. Ni kuwa sai da na aurar da 'ya'ya na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da Hausa aka koya mini, kuma a can na ji wai yaro da harshen uwarsa zai fara karatu.

Na bar wa maƙwabciyata doyata a Kasuwar Kure, na tafi wurin hedimasta.

Na ce, "Malam, ba ku kuka ce harshen uwa ba?"

Ya ce, "Mama, wace uwar? A aji guda ina da Nufawa, da Gbagyi, da Yarbawa, da Ibo. An ce mu yi da yaren gari, muka ɗauki Hausa. Yanzu kuma an ce a koma Turanci."

"To, yarinyar ba ta da ƙwaƙwalwa ne?"

"Ban sani ba, Mama. Ba na jin yarenta, ita kuma ba ta jin tambayata. Jarrabawar gama firamare dai da Turanci za ta zo."

Na zo da faɗa cike da baki, na rasa wanda zan sauke wa. Ni ma fa Turancin nake so mata, don har gobe sai na nemi mai karanta mini takardar asibiti. Amma yarinyar ta fi kowa tsawo a ajin, yara suna tsokanarta da "Anti". Da yamma ta ce mini da yarenmu gara ta koma gona. Na daka mata tsawa, alhali ban san abin da zan ce ta zauna ta koya ba. Hausar da zan iya taya ta da ita, ko Turancin da ni ma ba na ji?

Washegari ban fita kasuwa ba. Na riƙo hannunta, na ɗauki 'yar kujerata, na zauna a bayan aji biyu. Na ce wa malamar ajin, "Ci gaba da aikinki, 'yata. Mu biyu za ki koya wa."