Ankon Ruwan Ɗorawa na Goggo Hajjo

A Fagge aka haifi Goggo Hajjo, 'yar tela ce. Tun ƙafarta ba ta kai ta taka keken ɗinki ba take zama gefen mahaifinta, tana zura masa zare a allura tana damunsa da tambaya. Me ya sa ake yanka yadi a karkace? Me ya sa rigar liman ta fi ta ladan faɗi? Shi kuwa yakan ce, "Hajjo, bakinki ya fi keken nan gudu." Ta gama sakandare ta auri Abdulbaƙi, malamin kwaleji. A shekarar 2005 aka tura shi Malaysia karatun digiri na uku, ta bi shi da kan kekenta naɗe cikin bargo.

Suka kama gida a hawa na sha ɗaya a unguwar Danau Kota. Shi kullum yana jami'a, ita kuma ta zama telar matan ɗalibai. Zamanta a ƙasar a rataye yake da takardar karatunsa, kuma ya sha gaya mata cewa baƙo ba ruwansa da siyasar ƙasar nan. Ɗalibin da aka samu a ciki, ko shi ko iyalinsa, sai dai ya haɗa kaya.

A watan Nuwamban 2007, saura shekara guda ya gama, Fatsuma matar wani ɗan Katsina ta haihu a unguwar Lembah Pantai. Mata suka ce ko a bangon duniya ake, sai an yi ankon suna. Aka wakilta Hajjo. A kedai, wato shago, na wani Ba'indiye, yadi ɗaya ne kawai zai ishi mata tara, ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido. Sau biyu mai shagon yana tambayarta, "Ranar Asabar za ku sa? Dukanku?" Ta ɗauka yaba zaɓinta yake yi. Kwana biyar tana kan keke. Mazan suna can cikin littattafai, matan kuma ba mai karanta jaridar garin, don haka babu wanda ya gaya musu cewa a Asabar ɗin dubban masu neman a gyara zaɓe za su fito, kuma ruwan ɗorawa suka zaɓa.

Ranar suna, mata tara suka tsaya bakin titi da kulolin waina da miyar taushe. Tasi uku suka rage gudu, suka dube su, suka wuce.

"Baƙar fatarmu suka gani," in ji Barira, aminiyar Hajjo.

"Jiya ma da ita muka fito, kuma an ɗauke mu," Hajjo ta ce.

Suka hau bas. Ba ta kai tsakiyar gari ba direba ya ce an rufe hanya, kowa ya sauka. Ana yayyafi, suka ɗora kuloli a ka suka sha kwana, sai ga titi cike maƙil da mutane, kowa da riga kalar tasu. Mutanen na ganinsu suka ɗauki tafi, wani dattijo har da ɗaga musu hannu biyu.

"Na shiga uku," in ji Barira. "Hajjo, ankon wa kika kwaikwayo?"

Hajjo ba ta ji ta ba. Ita zanga-zangar da ta sani a gida, hayaƙin taya ake fara gani, a rufe shaguna, uwa ta fita neman ɗanta. Nan kuwa ga tsohuwa da lema, ga wani yana raba ruwan gora, ga wasu sun ja sahu a gefen titi suna salla. Ta leƙa hannayensu ɗaya bayan ɗaya tana neman sanda ko galan ɗin fetur, ba ta gani ba. Can gaba kuma ga jajayen motocin feshin ruwa da 'yan sanda masu garkuwa. To waɗannan da wa za su yi faɗa? Ta ƙara taku biyu don ta gani da kyau, sai ta ji an dafa kafaɗarta.

'Yar sanda ce, mai ɗankwali a ƙarƙashin hula. Ta tara su a barandar wani shago, ta karɓi fasfo, ta fito da ƙaramin littafi da biro. Hajjo ta ƙura wa littafin ido. Idan sunanta ya shiga littafin nan, zai kai jami'a, shekara biyun Abdulbaƙi ta tafi a banza saboda yadin da ita ta zaɓa.

"Wa ya shirya ku?" 'yar sandan ta tambaya da Turanci.

"Ni ce," in ji Hajjo. "Ni na saya, ni na ɗinka."

"Wayyo, ta amsa laifi," Barira ta faɗa da Hausa.

Aka buɗe kuloli, tururin waina ya tashi. Hajjo ta lalubo wayarta ta nuna hoton jaririn, ta ce yau kwanansa bakwai, yau za a raɗa masa suna, kuma a garinsu dangi da ƙawaye kaya iri ɗaya suke sawa don mai jego ta san tana da mutane. 'Yar sandan ta kalli hoton, ta kama hannun rigar Hajjo ta juya ta duba ɗinkin.

"Mu ma muna yi a biki," ta ce. "Amma yau? Wannan kalar?"

Da a ce wata ce, da ta yi shiru daga nan. Hajjo kuwa ta nuna titi da haɓa. "Ranki ya daɗe, waɗannan 'yan ta'adda ne?"

Barira ta take mata ƙafa.

"Ba su da izinin taro," in ji 'yar sandan.

"Shi ke nan laifin? Da izini sunansu daban, babu izini sunansu daban?"

Matar ta juya ta dubi taron, biro a tsaye kan takarda. "Wancan mai shuɗiyar lema kawuna ne," ta ce a hankali. Ta rufe littafin ba ta rubuta komai ba, ta miƙa musu fasfo. Sharaɗi ɗaya ta kafa, kada ta sake ganin kalar nan a titi. Ta nuna musu kedai mai sayar da rigunan ruwa na leda. Suna barin wurin suka hango motocin 'yan sanda sun fara fesa wa taron ruwa.

Haka mata tara suka isa Lembah Pantai bayan la'asar, cikin koriyar leda har idon sawu, waina ta huce. Fatsuma ta yi dariya har sai da ta riƙe ciki. Hajjo ta shige kicin ta kira mijinta ta gaya masa komai.

"An rubuta sunanki?"

"Ba a rubuta ba."

Ta ji ya sauke numfashi. "Alhamdulillahi."

"Malam, amma wa yake raba sunayen nan? Wa ke cewa wannan mai neman haƙƙi ne, wancan ɗan ta'adda?"

"Wanda ya taɓa ran wanda bai ji ba bai gani ba, shi ne ɗan ta'adda."

"To yau ban ga an taɓa kowa ba sai da ruwa, kuma ba su suka fesa ba."

"Hajjo, a waya muke," ya ce. "Ki bari in zo."

Ya zo da magariba da doguwar baƙar abaya a leda, a cikinta ta koma gida. Shekara na zagayowa ya karɓi digirinsa, ita ta ɗinka masa kaftanin da ya sa a ƙarƙashin rigar yaye.