Kwanar da Bai Tsaya Ba

Mijina direba ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ɗaukar masu ziyara a babbar mota zuwa wurin ibadar da ke kan dutse. Mai hali ya hau mota, yini ɗaya ya isa. Mai alwashi ya taka a ƙasa, kwana goma sha biyu. Shi kuwa bai ɗauki masu tafiyar ƙasa a bakin komai ba illa mutanen da ake danna wa hon su matsa gefe.

Da ido ya fara yi masa hazo aka karɓe makulli, ya zauna gida wata shida kamar jiƙaƙƙen tsumma. Rannan ina wanki ya ce zai taka hanyar nan da ƙafa. Na ce da wace ƙafar? Mutumin da ko shagon bakin layi sai ya nemi abin hawa! A nan ya gaya min abin da ya ɓoye shekara goma sha tara. Akwai wata kwanar titi, ana saura tafiyar yini ɗaya a ƙasa, inda hanya take fara hawa. Wata rana ya ga wani tsoho zaune a gefen titi, sandarsa a yashe, yana ɗaga masa hannu. Fasinja na mitar an makara, wata motar kuma na neman riga shi lodin dawowa, sai ya danna hon ya wuce. Washegari ya tarar da mutane tsaye a wurin, an lulluɓe tsohon da zane. Tun daga ranar, in ji shi, duk ya zo kwanar sai ya ƙara wa rediyo murya. Yanzu so yake ya wuce ta da ƙafarsa, ya ƙarasa wa tsohon tafiyar da bai ƙarasa ba, ko Allah zai sauke masa nauyin.

Haushi ya kama ni. Shekara goma sha tara ina kwana gefen mutum ban san abin da ke sa shi juyi ba. Amma na ɗaure kayana, don ba a barin mai hazon ido ya bi titi shi kaɗai.

Zuwa kwana na goma, ranakun sun zama iri ɗaya. Masauki ɗaki ne mai gadaje goma sha biyu, katifu a cikin leda, safa rataye a kowace taga, ga warin man zafi. Da asuba in zaunar da shi a bakin gado, in ƙona allura, in fasa masa bororon ƙafa, in naɗe da bandeji. Mu sha shayi da burodi a tsaye, don in ka zauna tashi aiki ne. A farkon tafiya mutane hirar ibada suke yi da abin da kowa zai roƙa. Yanzu ba ka jin komai sai zancen diddige da farcen da ya fita. Ni kaina na zaci in an kusa isa zuciya za ta yi haske. Ina! Kujera kawai nake tunani. Na bar tukunyata a wani masauki, na bar zanena na biyu a wani, kuma ko kewarsu ban yi ba.

Abin da ya fi cin raina lissafinsa. Ya san hanyar kamar tafin hannunsa, amma da agogon mota ya san ta. In na tambaye shi saura nawa mu kai gada, sai ya ce minti ashirin. Mu yi awa biyar. Har abokan tafiya suka sa masa suna Minti Ashirin, wata ma'aikaciyar jinya da muke haɗuwa da ita kowace yamma takan tambaye shi ko mintinsa ya cika. Yakan yi dariya, amma dariyar ta yi ta raguwa. In mota ta wuce sai ya karkata kunne ya ce wannan giyarta ta biyu ta gaji. Na ce ka ji da taka giyar, Malam. Gwiwarsa ta hagu ce, wadda ta sha taka kuloci shekara talatin, ta kumbura har wando ba ya hawa ta daɗi.

Ranar sha ɗaya da safe ma'aikaciyar jinyar ta taɓa gwiwar, ta ce min a gefe in nema masa mota. Na gaya masa. Ya ce sannu ba ta hana zuwa. Na ce ƙarasa maganar mana, sai dai a daɗe ba a je ba. Ya ɗauki sandarsa.

Abokan tafiya duk suka wuce mu. Ya riƙa jan ƙafar, hannunsa a kafaɗata, ni ma ba ƙarfin ne da ni ba. Rana ta take muka kai kwanar. Na daɗe ina zana wurin a raina, ashe ba komai a can sai wani allo mai tsatsa, da bakin kwalbati, da robobin ruwa da aka yar. Ya ce bari ya huta kaɗan a kan kwalbatin. Sau uku ya yunƙura zai tashi, gwiwar ta ƙi. Jiki magayi. A na ukun sandar ta suɓuce ta faɗi, bai ɗauka ba.

Ruwanmu ya ƙare, leɓɓansa sun bushe. Tsoro ya shige ni sosai, na fita bakin titi na ɗaga hannu. Bai hana ni ba. Mota bakwai na ƙirga, kowacce cike da masu ziyara, fuskoki a jikin gilashi suna kallonmu. Uku daga ciki har hon suka danna mana, gajere sau biyu. Duk wadda ta danna sai na ga ya runtse ido.

Ta takwas ta wuce mu kaɗan, sannan ta ci birki. Direban ya sauko, mutum ne mai furfura a gemu, da gorar ruwa a hannu. Ya ba mijina ya sha, ya duba gwiwar, ya ce ai wannan ba ta tafiya ba ce. Ya sa wani fasinja suka kama shi. Na zaci mijina zai yi gardama, ya kawo zancen alwashi. Ya kalli hawan da ya rage, ya kalli ƙafarsa, ya bari aka ɗaga shi.

A bakin ƙofar motar ya riƙe hannun direban.

"Ɗan'uwa, minti nawa ka ɓata a kanmu?"

Mutumin ya duba agogo ya yi murmushi. "Haba, Baba. Biyu ne, ko uku."

Mijina ya gyaɗa kai. Aka matsa mana a kujerar baya, inda bai taɓa zama ba a rayuwarsa. Na koma na ɗauko sandar na ajiye masa a cinya. Motar ta kama hawa, direban ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa, shi kuwa yana ta motsa baki. Na matsa kusa, na zaci addu'a yake yi. Biyu ko uku yake maimaitawa.