Na Ga Waldar Ta Tsage, Na Rufe da Darduma

Edita, sallama a gare ka da masu karatu. Na daɗe ina karanta wasiƙun mutane a wannan shafi, yau ni ma zan faɗi nawa, ba tare da na ambaci sunan kowa ba.

A wancan lokacin, tun Lafiya ba ta zama babban birnin jiha ba, ni saurayi ne mai shekara ashirin da bakwai, ina aikin akawu, ina zaune a Bukan Sidi. Ba na shan taba, ba na yawon banza. Jarabata ɗaya ce, littattafan soyayya da ake kawo mana daga Kano. Duk Juma'a sai na ɗauko uku ko huɗu wurin mai bayar da haya a kasuwa, in karanta har in haddace kalaman samarin ciki. A littattafan nan ango ba ya kawo amaryarsa a motar da kowa ya saba gani, kuma ba a taɓa yin wanda ya yi abin bajinta don soyayya ya ji kunya ba. Ina neman wata yarinya a Shabu, 'yar wani manomin doya, mai kunya amma mai yawan dariya, har an sa rana. Sai na sa wa raina cewa ranar da za a kawo ta, Lafiya za ta ga abin da ba ta taɓa gani ba.

Ana haka wani kamfanin gyaran hanya ya gama aikinsa yana sayar da tsofaffin kaya. A cikinsu akwai wata tirela da injiniyoyinsu ke kwana a ciki, ɗaki ne sosai a kan taya, da tagogi da labule da kujeru. Gabanta yana da dogon wuya da ke hawa kan bayan a-kori-kura, a ƙarƙashin wuyan kuma akwai wani gajeren ƙarfe mai kauri da ke shiga cikin wani farantin ƙarfe a bayan motar. Ina ganinta na hango amaryata zaune bayan labulen nan. Na sayar da gonar da na gada na saye ta, alhali ba ni da motar da za ta ja ta, farantin ma ya tafi tare da motar kamfanin.

Akwai wani tsohon makanike a unguwarmu, mutumin Eggon, da muke kira Baba. Shi na ɗauka muka je duba mota. Mun sami guda biyu. Ɗaya tsohuwa ce mummuna, fenti duk ya kuje, amma bayanta dogo ne, sifirin ɗinta masu kauri, injinta babba. Ɗayar ƙarama ce shuɗiya tana ƙyalli, har da rediyo mai cin kaset. Baba ya kwanta a ƙarƙashin kowacce ya daɗe yana ƙwanƙwasawa, ya fito ya ce in ɗauki tsohuwar. Ya ce ƙaramar an yi ta ne don buhu goma na masara, birkinta ba zai tsai da abin da ya fi ta nauyi ba. Na ce masa ai na riga na rubuta wa yarinyar a wasiƙa cewa motar shuɗiya ce kamar sararin sama. Ya kalle ni ya ce, "Oga, fenti ba ya ja kaya. Wannan mota ba zai iya ba." Na sayi shuɗiyar.

Duk da haka bai yi fushi ba. Ya ce tunda na nace, a yi abin yadda ya kamata: farantin ya zauna daidai saman tayoyin baya, a huda ƙasan bodi a ɗaure shi da manyan kusoshi da noti a jikin shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da motar duka, a ƙara ganyen sifirin, sannan a haɗa wayar birkin tirelar da na motar don su kama tare. Ya ce sai an aika Jos a nemo wasu kayan, aikin zai ci mako uku. Bikina kuma saura kwana tara. Sai na zagaye shi na tafi wurin wani mai walda da ke yin ƙofofi da tagogi. Ya tambaye ni nauyin abin da za a ja, na ce masa ba wani nauyi, amarya ce da ƙawayenta biyu. A kwana biyu ya ƙera faranti ya liƙa shi a kan falankin bodi, wayar birki kuwa muka nannaɗe ta muka ɗaure da igiya. Na gwada ja a fili, tirelar babu kowa a ciki, ta bi ni lafiya lau, yara da manya suna kallo.

Ranar kai amarya da hantsi ina goge motar, sai na ga waldar ta tsage ta gefe ɗaya, tsawon yatsa, falankin kuma ya ɗan ɗago. Na sa farce a cikin tsagar, ya shige. Na tsaya ina tunanin in je wurin Baba, sai na tuna yadda na cika unguwa da labari, na tuna wasiƙar, na tuna mutanen Shabu da suke jira su gani. Na ce wa kaina tafiyar ai ba nisa. Na ɗauko wata sabuwar darduma na shimfiɗa a bayan motar, na zagaye farantin da ita kamar ado.

A al'adarmu ango ba ya zuwa ɗaukar amarya, abokansa ne ke zuwa, shi ya zauna a gida. Babban abokina direba ne a ofishinmu, shi na miƙa wa makulli. Abin da na iya faɗa masa kawai shi ne ya tafi a hankali. Ya yi dariya ya ce tun ba a kawo ta ba na fara tsoron a girgiza min ita, to in kwantar da hankalina, kamar ƙwai zai ɗauko ta.

Ban taɓa yin yini mai tsawo kamar wannan ba. Ina zaune a zaure cikin sabuwar shadda, abokai suna ta zolayata cewa zumuɗi ne ya hana ni cin abinci. A nan ne na tuna abin da ko sau ɗaya bai zo min a rai ba: amarya ba ta zuwa ita kaɗai. Akwai gadon ƙarfe, akwai kabad da kwanuka, akwai buhunan shinkafa da doyar gara, akwai gwaggonni da innoni da ba wanda ya isa ya ce su sauka. Sau biyu ina miƙewa in nemi babur in bi su, sau biyu ana zaunar da ni ana cewa abin kunya ne ango ya tare hanya. Aka yi la'asar, na yi sallar ban san me na karanta ba. Duk ƙarar mota da na ji sai in leƙa. Can sai ga wani ƙanin mahaifin amarya a kan babur, babu hula a kansa, ya ce in hau mu tafi asibiti.

Daga baya abokina ya ba ni labari. Ya ce matan sun loda komai a cikin tirelar suka shige sun kusa goma sha biyu. Ya roƙa a rage kaya, babbar gwaggo ta ce ko cokali ba za a bari ba. A wani gangare kafin wata 'yar gada shanu suka ratso titi, ya taka birki, tirelar ta turo motar gaba kamar ba a taka komai ba. Sai ya ji ƙara, farantin ya yage daga bodi, wuyan tirelar ya fasa gilashin baya, ita kuma ta zame ta kwanta a kwalbati. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Abokina gilashi ya yanke shi a wuya, matan suka kukkuje. Gadon ƙarfen kuwa a kan amaryata ya faɗo, ya karya ta a ƙugu.

Wata huɗu ta yi a kwance tsakanin asibiti da mai ɗori. Ta tashi, amma har yau da ɗingishi take tafiya. Mutane suka ce abokina ne ya yi gudu, ina ji ban ce komai ba, har ya daina shigowa unguwarmu. Baba ya je ya duba motar, ya ɗaga dardumar, ya dube ni, amma bai faɗa wa kowa ba.

Shekara uku ina ɗauke da wannan abu. Wata rana da yamma na hango matata tana dawowa daga kasuwa da ɗanmu a baya, tana tsayawa tana dafa bango tana hutawa. Da ta shigo na faɗa mata komai, tun daga maganar Baba har dardumar. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Maigida, da ka aiko ka faɗa min, ai da ƙafa ma zan taho." Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma sake tayar da zancen ba. Washegari ta sa na je gidan abokina na faɗi gaskiya a gaban mahaifinsa. Abokina ya ce ya yafe, amma zaman da muke yi a da bai dawo ba.

Ga duk mai shirin jan tirela ko wani kaya mai nauyi: ka fara sanin nauyin da za a ɗora, har da wanda mutane za su ƙara ba da saninka ba, sannan ka zaɓi mota. Ka saurari wanda ya kwanta a ƙarƙashinta. Kada ka yarda a liƙa maka a bodi abin da aka ce a ɗaure a shasi, kada ka hau titi birkin tirela ba a haɗe ba. In kuma ka ga matsala a ranar da kowa ke jira, ka faɗa, a yi maka dariya. Ni kunyar yini ɗaya na guje wa, matata ce take biyanta da kowane taku.