Zanin Goyon da Na Baro a Denmark

Duk tsawon ran da Allah zai ba ni, ba na jin zan manta da ranar da na ɗaure wata yarinya a bayan uwarta, na ja akwatina na fita ban waiwaya ba. Yanzu ina da 'ya'yana a nan Daura, amma har gobe in na sunkuya zan goya wani, sai yarinyar nan ta faɗo mini a rai.

Bayan na gama karatu ne wata 'yar uwarmu da ke zaune a Denmark ta samo mini hanya: in zauna a gidan wasu Turawa, in taya su raino da 'yan aikace-aikacen gida. Matar gidan a asibiti take aiki, mijin kuwa a jirgin ruwa, sai ya daɗe bai dawo ba. 'Yarsu ɗaya tal, ko rarrafe ba ta fara ba. Gashinta kamar gemun masara, shi ya sa na laƙaba mata 'Yar Masara.

Abin da ya fara tayar mini da hankali shi ne yadda suke kwantar da jariri. Rana tsaka, ana sanyin da ke ratsa ƙashi, sai a nannaɗe yarinya a saka ta a keken jarirai, a tura ta waje, can bayan gidan, ita kaɗai, wai ta yi barci ta sha iska. Innalillahi! Na ce a raina, mutanen nan lafiyarsu kuwa? Daga baya na gane haka kowa yake yi a can, kuma yaran garau suke. Amma ni zuciyata ta ƙi ɗauka. Wata rana uwar tana wajen aiki yarinyar ta yi ta tsala kuka, sai na ciro wani tsohon zanin atamfa da Gwaggota ta Baure ta ba ni, na saɓa ta a baya na ɗaure. Kafin in gama wanke kwanuka ta yi lamo.

Da uwar ta dawo ta gan mu, dariya ta yi, har da ɗaukar hoto. Ni kuwa na ɗauka an ba ni izini ke nan. Daga ranar bayana ya zama gadonta. A kansa ta yi haƙori, a kansa ta sha zazzaɓi, a kansa na yi ta yi mata tawai da waƙoƙinmu na gida.

Ku fahimce ni. A wajenmu, wadda ta goya ka uwa ce. Ni kaina Gwaggo ce ta goya ni, kuma ban taɓa ganin mahaifiyata ta ɓata rai don na wuce ta na faɗa jikin Gwaggo ba, sai ma ta ji daɗi. Saboda haka duk lokacin da 'Yar Masara ta manne mini, ni gani nake alheri nake yi wa matar nan.

Ranar da yarinyar ta cika shekara biyu aka tara dangi, aka kafa 'yan ƙananan tutocin ƙasarsu a kan tebur kamar yadda suke yi. Tana guje-guje sai ta yi tuntuɓe, bakinta ya fashe. Uwar ta durƙusa ta buɗe hannu biyu tana kiranta. Wallahi yarinyar nan ta gefenta ta bi ta wuce, ta zagayo bayana tana dukansa da tafin hannu tana kuka, tana cewa, “Goyo! Goyo!” Na saɓa ta, ta yi shiru. Ni da bakina da ba ya gajiya, sai na dubi uwar ina dariya na ce da Turanci, “Kin gani ko? 'Yar nan fa ta zama tawa.”

A Daura, da an yi shewa an ce Allah ya bar ƙauna. A can kuwa ba wanda ya taya ni dariya. Matar ta daɗe a durƙushe da hannuwanta a buɗe, sannan ta miƙe ta shige kicin.

Ba a jima ba ita da mijinta suka zaunar da ni. Ba faɗa, ba tsawa, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, “Ba ki yi laifin komai ba. Amma ina dawowa daga aiki a gajiye, 'yata ba ta ko ɗago kai ta dube ni. Ba ni da wata sai ita.” Suka ce za su nema mini wani gidan. Na ce a'a, gida zan koma. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kwana biyu ina cewa, au, ladan da zan samu ke nan?

Ranar tafiyata da safe, ina haɗa kaya sai ga uwar a bakin ƙofa riƙe da zanin, idonta jawur. Ta ce, “Ki koya mini.” Na ce ta sunkuya. Na ɗora mata yarinyar, na nuna mata yadda ake soke na sama a ƙirji, a tattaro na ƙasa a ɗaure tamau. 'Yar Masara ta yi ta juyo da kai tana miƙo mini hannu. Na ce wa uwar, “Ki yi ta tafiya, ki riƙa ɗan bubbuga ta, kada ki tsaya.” Ta fara kai da kawowa a falo. Da na ji kukan ya fara sauka, sai na ja akwatina na fita. Sai da na shiga jirgin ƙasa na yi nawa kukan, har wata tsohuwa ta miƙo mini hankici.

Da na dawo na je Baure gaida Gwaggo, na zayyana mata komai, ina jiran ta taya ni jin haushi. Tana tsince wake ta ce, “Uwar ce ta ba ki ita da hannunta?” Na ce a'a. Ta ce, “To ni uwarki ce ta ɗora mini ke a baya, ta ce ga 'yarki nan. Ke kuwa, 'yar nan, ɗauka kika yi.”

Ban sake ganin 'Yar Masara ba, kuma na san yanzu ko a hanya muka haɗu ba za ta gane ni ba. Abin da na koya shi ne, ko so za ka yi wa ɗan wani, ka fara duba fuskar uwarsa. Shi ya sa yau in 'yar maƙwabta ta rugo wajena da kuka, nakan share mata hawaye, in kama hannunta in mayar da ita wajen wadda ta haife ta.