Sirdin Kaka da Ƙafar Mubarak

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Alhassan baduku, a Bawku. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi sadaka a madadinsa, in yi shiru. Bana na kasa yin shirun, domin wani abu ya faru a gidan aurena a Yendi wanda ya hana ni sukuni, kuma ban san wanda zan tambaya ba in ba shi ba.

Sirdi sana'arsa ce, amma na yara ya fi ba muhimmanci. Ba ya karɓar aikin sirdin yaro ta bakin ɗan aike. Sai ya ga yaron, ya ga dokin. Yakan hau lori har Gambaga, wani lokaci har Salaga, don kawai ya shafa bayan doki da tafin hannunsa. Yaron kuwa, sai ya kwantar da turmi ya zaunar da shi a kai, ya duba inda cinyarsa take sauka da inda dugadugansa suke tsayawa. Idan ya kammala sirdin sai ya ɗora yaron, ya zura hannu a bayansa. Hannu ɗaya ya shiga, daidai ne. Biyu suka shiga, zai kwance aikin.

Mutanenmu sun saba saya wa yaro riga da girma don ya shekara biyu yana sawa. Haka suke son yi da sirdi. Na sha jin wani ya ce masa, "Malam, ka ɗan ƙara faɗi, yaro girma yake yi." Shi kuwa sai ya amsa, "Riga in ta yi yawa ƙasa take ja. Sirdi in ya yi yawa yaron yake ja." Ba ya ƙara komai. Wasu sun tafi da fushi ba su dawo ba.

Ɗana Mubarak bai san shi ba. An haife shi bayan rasuwar. Kwanakin baya yayan mijina, Alhaji Sulemana, wanda shi ne babba a gidan, ya sayo doki daga Salaga, ya ce lokaci ya yi da yaron zai koyi hawa. Aka sauko da sirdin mahaifinsu daga inda yake rataye. A gidan nan duk ɗa namiji a kansa yake fara hawa, saboda albarkar mai shi, malami ne da ya yi ta zagaya ƙauyuka a kansa yana karantarwa.

Sirdi ne mai kyau, ban musa ba. Amma na babban mutum ne. Na tsaya a bakin zaure ina kallo aka ɗora Mubarak. Ƙafarsa ba ta kai likkafa ba, wato ƙarfen da mahayi ke zura ƙafa, sai aka ƙulle igiyar har ta taƙaita. Yana zamewa gaba da baya, sai aka cusa masa matashi. Kowa na dariya, shi ma yana dariya. Ni kuwa abin da nake gani shi ne faɗin bakin likkafar da ƙanƙantar takalminsa.

Ba a jima ana koyon ba ya faɗi. Akuya ce ta gitta, dokin ya ɗan zabura, yaron ya sulale ta gefe, ƙafarsa ta shige cikin likkafa har idon sawu. Yana rataye kansa ƙasa. Allah ya sa dokin mai sanyin hali ne, ya tsaya. Da ya yi gudu, da ba wannan rubutun nake yi ba. Aka karkaɗe masa ƙura, aka ce mahayi sai da faɗuwa.

Tun daga ranar ban zauna lafiya ba. Ina tuƙa tuwo ina jin takun doki. Mijina yana kan hanyar fatauci, a waya ya ce in yi haƙuri, Yaya ya san abin da yake yi. Ni kuma matar ƙane ce, maganar doki ba ta ɗakina ba ce. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, na sani. Na yi ta tambayar kaina me Baba zai ce. A Bawku yanzu yawancin abokan aikinsa kujerar babur suke ɗinkawa da takalma. Sirdi kuma ana ganin hotonsa a waya a ce a aiko. Ina jin da yana raye ba zai yi faɗa da zamani ba. Zai dai ce a kawo masa yaron.

Wata safiya na ji ana ɗaure majayi, igiyar da ke riƙe sirdi a cikin doki. Na fita, na durƙusa gaban Alhaji, na gaishe shi.

"Yaya, ina roƙon arziki. Kada Mubarak ya sake hawa wannan sirdin."

Ya dube ni da kyau. "'Yar Bawku, a kansa na koya. A kansa mijinki ya koya. Wanne ne ya mutu a cikinmu?"

"Babu, Yaya. Amma na ga ƙafarsa."

"Ke ubanki kike tunawa," in ji shi a hankali. "Ni ma nawa nake tunawa."

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na ɗauka taurin kai ne, ashe shi ma makoki yake yi irin nasa. Na ce masa akwai wani Issaka a Pusiga, kusa da Bawku, wanda ya koyi aiki a hannun Baba, in an yarda zai zo ya ga yaron da dokin. Alhaji ya matsa kusa da dokin. Ya daɗe yana shafa fatar sirdin. Daga baya ya sa hannu da kansa ya kwance majayin.

"Ku mayar da shi inda yake," ya ce. "Ya jira yaron."

Issaka bai iso ba har yau. Hanyar can ba kullum take da daɗin bi ba, yana ta ɗaga rana. Mubarak yana fushi da ni, domin 'yan uwansa suna masa ba'a wai mamarsa ta sauke shi. Matan gida wasu sun ce na yi rashin kunya. Wataƙila na yi.

Baba bai bar mana rumfa ba, kayan aikinsa ma an raba su tuntuni. Abin da ya rage a wurina ido ne da ba ya iya kau da kai in abu bai yi wa yaro daidai ba. Gado ne mai nauyi, yana jawo wa mutum baƙin jini, kamar yadda ya jawo masa. Allah ya jiƙanka, Baba, ya sa ka huta. Jikanka ya yi kwanaki ba ya kula ni, amma da ƙafafunsa biyu yake wuce ni.