Leƙen Ɗana Ta Kafar Danga

Shekarun baya ne, lokacin ina zaune a gidan surukaina a Ba'awa, da goyon fari a bayana, hankali kuma bai gama zama a kaina ba. Wanda ya tashi a wajenmu ya san yadda ake yi da ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban manya, in ya faɗi ma kau da kai ake yi wani ya ɗaga shi. Ni kuwa na riƙi wannan kunya hannu bibbiyu, don a kanta na tashi. Ni ce 'yar fari a wajen mahaifiyata, kuma har aka kai ni ɗakin miji ban taɓa jin sunana a bakinta ba. “Ke” kawai take cewa, in amsa. Ƙannena su hau cinyarta su yi ta shagwaɓa, ni ina gefe ina tsince shinkafa.

Sai Allah ya haɗa ni da yaron da ba a iya kau da kai a kansa. Tun da ya fara tafiya gidan nan bai sake hutawa ba. Ya taɓa tura ƙwayar wake a hanci, sai da aka kai shi asibiti aka ciro. Ya gutsiri sabulun wanki, muka tarar da shi bayan randa bakinsa na kumfa, yana kuka yana ƙara kai hannu. Ya cafki ɗan tsako, uwar ta bi shi da sara har ƙofar ɗakin kakarsa. Akwai ranar da ya zauna daram a cikin ƙwaryar ƙullun koko, ran nan da ruwan zafi kawai gidan ya karya. Kuma halinsa ɗaya ne: abin da ka miƙa masa ba ya so, abin da ka ɓoye shi ne abincinsa. In kana so ya ci tuwo, to ka ce na babansa ne.

Duk wannan ɓarnar, a tsakar gida fuskata a ɗaure take. Uwar mijina, wadda muke kira Iya, ita ce mai salati da gudu. Ni sai na shiga ɗaki na saki labule nake duba shi gaba da baya, in sumbace shi, in yi masa faɗa ƙasa-ƙasa.

Da ya kusa shekara biyu aka ce lokacin yaye ya yi. Wata Juma'a da damina aka karɓo rubutu, aka soya waina aka raba wa yara sadaka. Mahaifiyata ta zo daga ƙauyenmu da ke bayan Tudun Wada, ta goya shi ta tafi da shi, kamar yadda ake yi. Ni ina bakin rijiya ina wanke kwanon da na riga na wanke. Ko ɗago kai ban yi ba. Iya har yabona ta yi, ta ce yarinyar nan akwai kawaici.

Kawaicin bai kai ko'ina ba. Nono ya cika ya yi tauri, na ɗaure ƙirji da zane, zazzaɓi yana ɗibata. Gidan ya yi tsit, babu mai fasa kwano, babu mai korar kaji. Na ajiye sabulu a ƙasa na wuni, na dawo na same shi yadda na bar shi, sai kawai na ji hawaye.

Bayan 'yan kwanaki, maigidana ya dawo daga gona da azahar, ya tsaya yana wanke ƙafa, ya ce, “Babanki ya kira ni a waya. Wai mutumin naki zawo yake yi, ga haƙori yana fito masa. Sun kai shi asibiti, an ba su garin nan na gishiri da sukari a dama masa. To ya ƙi sha, ya ƙi cin komai.”

Iya tana zaune a wajen, don haka na ce, “Allah ya sawwaƙe,” na ci gaba da tankaɗe. Sai can na lura babu gari a rariyar, iska nake ta tankaɗewa.

Washegari da sassafe na durƙusa gaban Iya na gaishe ta. Na ce, “Iya, dama so nake in je in kai wa Inna daddawa.”

Ta dube ni ta dubi ƙullin da ke hannuna. Mahaifiyata fa ita ce mai daddawar ƙauyenmu, daga wajenta ma aka kawo wadda na ƙulla ɗin.

“Daddawa,” in ji Iya. “To, madalla. Allah ya yi albarka.” Ta gyara zama tana danne dariya. “Je ki, zan gaya wa mijin naki. Amma ki ji ni da kyau, kar ki bari yaron nan ya gan ki. In ya gan ki aiki ya koma baya, kuma nonon da aka bari ba a komawa kansa. Ki gano da idonki ki dawo.”

Na hau acaɓa zuwa Ƙafin Maiyaki, hanya duk taɓo, daga nan na sami motar Tudun Wada. Ban san wanda na zauna kusa da shi ba, ban san me aka yi hira a kai ba. Da na sauka ban bi ta ƙofar gidanmu ba. Na zaga ta cikin masara na ɓullo bayan gida, inda dangar kara ta kewaye tsakar gidan. Ina isa Inna ta fito zubar da ruwan wanke-wanke, muka yi kiciɓis.

“Ke! Me ya kawo ki?”

Na durƙusa. “Ina kwana, Inna. Daddawa na kawo.”

Ta daɗe tana kallona. Ta karɓi ƙullin. “Tsaya nan,” ta ce. “Kar ki yi motsi, kar ki yi tari.”

Na sami wata kafa a jikin dangar inda kara biyu suka rabu, na kafa ido. Yana kwance a tabarma ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Idanunsa sun faɗa, wuyansa ya yi siriri, leɓensa ya bushe. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali kaza ce. Ta zo da 'ya'yanta ta wuce ta gefen hannunsa, har ɗaya ya taka masa yatsa, yaron nan ko kallonsu bai yi ba. Nan na san ciwon ba na wasa ba ne.

Inna ta ɗauke shi ta ɗora a cinya, ta ɗebo ruwan gishiri da sukarin a cokali. “Haba ɗan albarka, haba maigidana, kurɓi ɗaya.” Ya dantse baki ya juya kai. Ta bi shi ta can, ya juyo nan. Ta matse masa kumatu, ya furzar, ya yi wani kuka marar ƙarfi wanda ban san shi da shi ba. Mahaifina yana zaune a kan kujera da carbi, na ji ya ce, “Malamar asibiti ta ce in bai sha ba zuwa la'asar a mayar da shi su yi masa ƙarin ruwa. Ni ban ga jijiyar da za su samu a hannun nan ba.”

Gaban rigata ya jiƙe sharkaf da ruwan nono. Cinnaku suna cizona a ƙafa ban iya ko ɗagawa ba. Wallahi saura kaɗan in tsallake dangar nan in ɗauke abina, kowa ya faɗi abin da zai faɗa. Tsoron maganar Iya ne ya riƙe ni, don a lokacin na yarda in na ba shi nonon wani ciwon zan ƙara masa.

Sai na tuna da wanda nake kallo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na tsinci ɗan tsakuwa na jefa kusa da ƙafar Inna. Ta kwantar da shi, ta zo kamar za ta ɗauki itace, ta tsaya ta ba dangar baya.

“Inna,” na ce da raɗa, “ki juye ruwan a kofin shayin Baba. Ki tura shi ƙarƙashin kujera, Baba ya ce kar ya taɓa. Sannan ku kau da kai.”

“Ke, ana maganar ciwo kina maganar wasa?”

“Inna, don Allah ki gwada. Na san halinsa. Ɗana ne.”

Ban taɓa faɗin kalmar nan a gabanta ba. Ta ɗauki itacen ta wuce.

Kofin Baba na silba ne mai hannu, kuma duk gidan ba mai shan ruwa a ciki. Inna ta juye ruwan, ta raɗa wa Baba magana. Na ga ya waiwayo wajen dangar, ya yi saurin mayar da kai. Ya karɓi kofin ya yi kamar ya kurɓa, ya lashe baki, ya tura shi ƙarƙashin kujera. Sannan ya nuna yaron da yatsa, ya haɗe rai.

“Kai! Wannan nawa ne. Kar in ga ka taɓa mini.”

Ya juya baya ya ci gaba da jan carbi. Inna ta shige madafa.

Ba abin da ya faru. Yaron yana kwance, ni ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Can sai na ga idonsa ya koma kan kofin. Ya dubi bayan Baba. Ya sake duban kofin. Ya yunƙura ya kasa tashi, sai ya ja ciki, yaron da ke tsere da awaki. Ya kai hannu biyu ya jawo kofin, rabi ya zube masa a ƙirji, ya kafa kai ya shanye sauran. Da ya gama ya ɗago yana jiran a yi masa faɗa.

Baba ya waiwayo ya riƙe baki. “La ilaha illallahu! Wane ɓarawon ne ya shanye mini shayi?”

Sai ga ɗan murmushi a bakin nan da ya bushe. Aka sake cika kofin aka sake ɓoyewa, ya sake sacewa. Kafin azahar har kunu ya sata. Ni kuwa ina bayan danga na cusa mayafi a baki, ina kuka ina dariya, kamar wadda ta zautu.

Da rana ta karkata Inna ta zagayo ta ce in zo in tafi kar in rasa mota. Na ɗauka a nan za ta sallame ni, sai na ga ta shiga gaba, muka bi ta cikin masarar. Ba ta taɓa raka ni ko'ina ba. Muna tafe ina jan hanci.

“Share fuskarki,” ta ce, ba ta waiwayo ba. “Kar mutane su gan ki.”

Na share. Muka yi 'yar tafiya. Har mun hango titi sai ta tsaya, tana gyara ɗaurin zaninta, idonta a kan masarar mutane.

“Ke kin ma yi sa'a, danga ce,” ta ce. “Lokacin da aka kai ki yaye gidan kakarki, katangar ƙasa ce, doguwa. Gidan maƙwabta na shiga, na kifa turminsu na hau.”

Na tsaya ina kallonta.

“Kina zaune a tsakar gida kina cin ƙasa. Har ƙiba kika yi. Na ji haushi ƙwarai.” Ta ɗan murmusa. “Har yau babanki bai sani ba. Wuce, ga mota can.”

Ta juya ta koma cikin masarar. Ba mu sake tayar da maganar nan ba har ta bar duniya.

Yaron ya warke sarai. Da aka dawo da shi ya yi fushi da ni na wuni guda, ya maƙale a jikin Iya, da yamma kuma ya zo ya kwanta a cinyata kamar ba a yi komai ba. Yanzu ya fi ni tsawo, muryarsa ta buɗe, in na ba shi labarin kofin sai ya ce ƙari nake yi. Dangar ma babu ita, ƙannena sun ja katangar bulo.

Na yi shekaru ina zaton ni ce wadda Inna ba ta damu da ita ba a cikin 'ya'yanta, ina ganin ko na yi nisa ba za ta ji komai ba. Ban taɓa yi mata ƙorafi ba, amma abin yana raina tun ina ƙarama. Ranar nan a bakin titi ya fita, bai sake dawowa ba. Ina kewarta sosai, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Kuma in na tuna ta yanzu, ba tsohuwar da muka yi jinya nake gani ba. Wata yarinya nake gani, ba ta kai shekarun da nake da su yau ba, a tsaye a kan turmin mutane, ta yi ɗage ta kama katanga, tana leƙena.