Shuɗin Fentin da Na Shafa wa Jirgin Baba

Ni mai fenti ne. Na daɗe ina shafa wa gidajen mutane launi a unguwannin Atron da Butalbagar na birnin Njamena, kuma ba yabon kai ba, in na gama da bango ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Da wannan hannun nawa na raba mahaifina da kogi, alhali ina ganin alheri nake yi masa.

Kakanmu ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za shi Makka. Da ya iso bakin kogin Shari guzuri ya ƙare, ya ce bari ya yi damina ɗaya ya wuce. Daminar nan ɗaya ita ce har aka binne shi a Njamena. Baba a bakin ruwan ya tashi, ya mallaki jirgin katako dogo, yana ƙetarar da masu lambu da mata masu sayar da kifi. Da filafilin jirgin nan ya ciyar da mu.

Gaskiya jirgin mummuna ne. Bayansa baƙar kwalta ce duk ta yi kirci. Cikinsa kuwa katako ne tsirara, ya yi toka-toka, ga dabbare-dabbaren jiƙa, ga zane-zanen wuƙa ko'ina kamar allon mahauci. In na je bakin kogi da kayan aikina sai in ji kunya ta kama ni, ɗan mai jirgi yana fenti amma jirgin ubansa ko shafi ɗaya bai samu ba. Na sha yi masa tayi, ya ce in bari tukuna. Kullum da safe, kafin kowa ya hau, yakan tuɓe takalmi ya shiga, ya taka daga goshin jirgin har ƙarshensa, kansa a sunkuye. Ni a zatona abin da fasinja suka yar yake dubawa, ban taɓa tambaya ba.

Shekarar da muka haɗa ƙarfi ni da 'yan'uwana muka tura shi aikin Hajji, murna ta hana ni zama. Tafiyar da kakanmu ya fara, ga ɗansa zai ƙarasa. Na ce wallahi ba zai dawo da sunan Alhaji ya hau wannan baƙin abu ba. Washegarin tashinsa na sa aka jawo jirgin kan tudu aka kife shi, ni kuma na nufi unguwar Bololo sayen kaya.

Akwai wani dattijo mutumin Nijar da nake sayen fenti a shagonsa. Na ce ya ba ni sukush, wato farin shafin farko da muke yi wa bango da ƙyaure kafin launi, da mastik na toshe rami, da fentin mai mai sheƙi. Ya tambaye ni gidan wa na samu, na ce ba gida ba ne, jirgin ruwa ne.

"Na icce ko na ƙarhe?" in ji shi.

"Na katako."

Ya ajiye gwangwanin da ya ɗauko. "In na ƙarhe na, ga jan antiruy nan mai hana tsatsa. Amma na icce, ɗana, masu jirgi ba su sayen wanga wurina. Kwalta suka ɗauka su tai. Ka tambayi mai jirgin?"

Na ce mai jirgin yana Makka, kuma ni ba yau na fara riƙe buroshi ba, katako ai katako ne, ƙyaure nawa na shafa a garin nan? Ya ce to, Allah shi ba da sa'a. Na fi awa guda a shagon ina gwada shuɗi biyu a bayan kwali, ina fita rana da su ina dawowa, wanne ya fi kama ido. A kan ko ya dace a shafa ko bai dace ba, ko minti ɗaya ban ɓata ba.

A bakin kogi akwai aminin Baba, kafintan jirage, muna ce masa Baffa. Ya zo ya tsaya a kaina ranar da na fara kankare kwaltar.

"Ɗan nan, da ka jira mai shi."

"Baffa, ai so nake ya dawo ya gani kawai."

"Itacen nan tun kana goyo yake shan ruwa. Rana uku ba ta busar da shi. Fatarsa ce ta bushe, cikinsa jiƙe yake."

Na taɓa katakon na ji shi ƙamas, zafin bazara har yana ƙona tafin hannu. Na yi dariya a raina, na ce tsofaffi da tsoron sabon abu. Baffa ya ƙara da cewa in dai na nace, to in bar cikin jirgin yadda yake. Wannan ce ma ta fi ba ni haushi, don cikin ne ya fi muni, kuma shi fasinja suke kallo. Ya dube ni ya ce, "Kalas, shi ke nan, na faɗa," ya koma kan aikinsa.

Na yi aikin da ban taɓa yi wa wani mai gida ba. Duk wata tsaga na cusa mata mastik. Zane-zanen wuƙar nan na bi su ɗaya bayan ɗaya na cike, na goge da sanfefa har suka ɓace. Na shafa sukush sau biyu ciki da waje, na bi da shuɗi sau uku, na ja farin layi a gefe. Masu wanki suna barin wankinsu su zo kallo. Ni kuwa sai hura hanci nake yi.

Da Baba ya dawo, sai da aka kwana biyu ana shan zamzam ana cin dabino kafin na ja shi bakin kogi, jama'a na biye da mu. Aka yaye tabarmin da na rufe jirgin da su. Mata suka rangaɗa guɗa. Baba ya tuɓe takalmi ya shiga yadda ya saba. Taku uku ya yi ya tsaya. Na ga yana danna ƙasan jirgin da babban yatsan ƙafa, ya matsa gaba ya sake dannawa, ya durƙusa ya shafa da tafin hannu.

"Har ciki?" ya ce.

"Har ciki, Baba. Shafi biyar ne gaba ɗaya."

Ya ɗago ya dubi mutanen da suka kewaye mu, ya dube ni, ya yi murmushi. "Madalla. Allah ya yi maka albarka. Ku ga aikin ɗana."

Sau ɗaya ya sa jirgin a ruwa bayan nan, shi kaɗai, bai ɗauki kowa ba. Ya je tsakiya ya daɗe, ya dawo ya sa aka jawo shi tudu. Ya ce wa fasinjansa su koma jirgin maƙwabcinsa, wai Alhaji da filafili ba su dace ba, lokacin hutu ya yi. Kowa ya yarda har da ni. Ya kafa wa jirgin rumfar zana don kada rana ta ci launin, duk Juma'a ya je ya wanke shi da tsumma.

Ni kuwa kasuwata ta buɗe. Wanda duk ya bi ta bakin kogi sai ya tambayi wa ya yi wannan aiki, Baba ya kwatanta masa inda nake. Gidaje da yawa na samu a Atron ta dalilin jirgin nan, har na ƙara ma'aikata.

Baba kuma ya soma lalacewa a zaune. Mutumin da hantsi bai taɓa samunsa a gida ba, sai ga shi a ƙofar gida tun safe, ƙafafu sun kumbura, carbi a hannu, fuska ta kalli hanyar kogi. Inna ta ce mini tuwonsa yana dawowa yadda aka kai shi. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, zuciyata ta ba ni cewa akwai wani abu. Duk sanda na tuna yatsan ƙafar nan yana danna fenti sai in kawar da tunanin. Amma na ji tsoron amsar, ban tambaya ba, na ci gaba da kawo masa lemo da magani. Damina uku ya yi a haka Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar arba'in muka ce a ba wani mutum jirgin ya riƙa aiki da shi. Na kira Baffa ya duba. Ya zaro ƙusa daga aljihu ya dafa a ƙasan jirgin, inda shuɗin yake sheƙi kamar jiya aka shafa. Ƙusar ta shige har kai, ba guduma. Da ya zare ta, wani baƙin gari mai ɗoyi ya biyo ta.

"Ruwan da ka rufe a ciki ne ya cinye shi," in ji Baffa. "Itace tsirara in ya fara ruɓa sai ya yi duhu, ƙafa ta ji laushinsa. Ubanka sai ya kewaye wurin da wuƙa, gobe ya duba ko duhun ya ƙetare zanen. In ya ƙetare ya kira ni mu sake katakon. Kai ka zo ka shafe. Ya ce ba zai ɗora 'ya'yan mutane a kan abin da ba ya gani ba."

Na ce, "To me ya hana a kankare, Baffa? Ai da an kankare tun a lokacin!"

"Na ce masa. Na ce mu sa wuta mu ƙone fentin, mu kankare, mu shanya, a ceci abin da za a ceta. Ya ce aikin wata guda ne a bainar jama'a, duk wanda ya wuce sai ya tambayi dalili. Ya ce, yaron nan da sunan iya fenti yake ciyar da iyalinsa, ni na ci nawa kogin."

Na zauna a kan yashi, na rasa inda zan sa kaina. Gyaran gangar Auzinawa na yi, ya biya da sauran kwanakinsa, ni ina ta karɓar yabo.

Washegari na dawo da makankarata. Da rana tsaka na yi, lokacin da bakin kogi ya fi cika, duk wanda ya tambaya na gaya masa gaskiya. Jirgin ba zai sake hawa ruwa ba, na sani. Amma na bi a hankali ina ɗaye shuɗin da farin da ke ƙarƙashinsa, ina tono mastik da bakin wuƙa, har zane-zanen Baba suka fito. Wajen tsakiya, daidai inda ya tsaya a taku na uku, na tarar da da'ira uku, wata a cikin wata, ta wajen ko rufe ta bai gama yi ba. Ita ce ya bari zai duba in ya dawo daga Makka.